Daga sassaƙen maɗaci zuwa ƙwayar magani

Ka tsaya gaban tabarmar mai magani a kasuwar Monday ta Kakuri da ke Kaduna ka ce zazzaɓi ke damunka. Zai miƙo maka sassaƙen maɗaci ya ce, "Jiƙa ka sha, safe da yamma." In ka lasa, ɗacin har ƙeya. To, daga wannan ɗacin masanin sinadarai ke tasowa. Ɓawon nan cike yake da sinadarai iri-iri. Wanne ne ke aikin? Wanne ne ɗan rakiya? Wanne ne zai iya taɓa hanta ko ƙoda?

A ɗakunan bincike irin na tsangayar harhaɗa magunguna ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, a inuwa ake shanya ɓawon. A daka shi ya yi laushi, a jiƙa a ruwa ko itanol, a tace, a ƙafar da ruwan har ɗanko ya kwanta a gindin kwalba.

Sai rarrabewa, wadda ita ce mai cin rai. Ana ɗura farin garin silika a dogon bututun gilashi, a ɗora ɗankon a sama, a riƙa tsiyaya ruwan da ke narkar da shi. Wani sinadarin yakan maƙale a garin ya yi nawa, wani ya zarce, don haka kowanne da lokacin fitowarsa. Ɗigo-ɗigo ake tara su a ƙananan kwalabe, a gwada kowace a kan ƙwayar cutar. Wadda ta kashe ta, a sake raba ta, a kuma rabawa, har a tsaya kan sinadari guda tsantsa, na'ura ta bayyana ƙirarsa. Sau da yawa buhun ɓawo ba ya ba da cikin cokali. Bayan nan ne gwaji a kan ɓeraye, sannan mutane, shekara da shekaru.

Hatta zafin wuta abin lura ne. A Sin, wata masaniya mai suna Tu Youyou ta gane cewa tafasa ganyen Artemisia annua na kashe ƙarfinsa, sai a 1971 ta tatse shi ba tare da zafi sosai ba. Haka aka samo atemisinin, ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro da ake saya yau a kemis na unguwannin Barnawa da Sabon Tasha. Ta karɓi lambar Nobel a 2015.

Namu na gida ya fi taɓa ni. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu a Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta ɗauki haɗin wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, ta auna, ta daidaita, ta gwada a kan masu amosanin jini, aka samu Niprisan, wanda aka yi wa rajistar mallaka a Amurka a 1998. Abubuwa huɗu ne a ciki: itacen da Yarabawa ke kira osun, da masoro, da kanumfari, da karan dafi. Ukun ƙarshen nan, ba sai ka fita daga kasuwar Kakuri za ka same su ba.