Gugar Zana: Maganar da Ba Ta Bi ta Ƙofa

Kowa ya san zana, wato gambar da ake saƙawa a kewaye gida da ita. Wanda ya bi ta jikin danga ya gogi zana bai shiga gidan ba, bai kuma yi sallama ba, amma na ciki sun ji motsin ciyawa, sun san da mutum a wurin. Hoton da ke cikin kalmar "gugar zana" ke nan: a faɗi magana a gaban mutum, ba a kama sunansa ba, a bar shi ya tsinci kansa a ciki. A majalisa, mai bin bashi ya ga wanda yake bi ya shigo da sabuwar shadda tana ɗaukar ido, sai ya dubi na kusa da shi ya ce, "Masha Allah, ashe akwai kuɗi a gari, mu ne ba mu iya nema ba." Aka yi dariya, mai shadda ma ya yi tasa ta yaƙe, washegari ya aika da rabin kuɗin.

Akwai 'yan'uwanta da ake yawan cakuɗa su da ita. Zambo yana fitowa fili ya siffanta mutum don a muzanta shi, shi ya sa ya zama makamin makaɗan fada a kan abokan hamayyar ubangidansu. Habaici yana sakaya suna amma da ɗaci, irin na kishiyoyi a bakin turmi. Gatse kuwa faɗin kishiyar abin da ake nufi ne, kamar uwar da ɗanta ya fasa tasa ta ce masa, "Ka kyauta, ga ɗayar can, je ka ƙarasa." Gugar zana tana aron kaɗan daga kowannensu, sai dai ta fi su sanyin hannu, domin ba ta cika sai an bar wa wanda ake nufi ƙofar fita. Yana iya yin kamar ba da shi ake ba, ya koma gida ya gyara, mutuncinsa yana nan. A al'ummar da ta ɗauki kunya da kara da muhimmanci, inda ƙarami ba ya duban idon babba ya ce masa ya yi kuskure, wannan dabara ita ke barin gaskiya ta isa inda baki ba zai iya kai ta kai tsaye ba.

Wasu za su ce wannan tsoro ne aka yi wa ado, ko ma munafunci: in kana da magana ka faɗa a fili. Amma munafuki ɓoye manufarsa yake yi, mai gugar zana kuwa so yake a gane; da ba za a gane ba, da maganar ta tashi a banza. Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, wanda aka yi dominsa shi ma ya sani. Ƙorafin da ya fi wannan nauyi na malamai ne, domin aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili da aibanta juna da jifa da munanan laƙubba. Wannan gaskiya ne, kuma gugar zanar da aka yi don a tozarta mutum kan talaucinsa ko halittarsa ta faɗa cikin hanin nan ba tantama. Wadda ake karewa a nan ita ce mai kama da hannunka mai sanda, wadda take taɓa aikin mutum ta bar darajarsa. Wasan da ke tsakanin taubasai, ko jika da kaka, ko Fulani da Barebari, a kan wannan iyaka yake tafiya, kuma a 2014 hukumar UNESCO ta sa al'adar wasan barkwanci ta ƙasar Nijar cikin jerin gadon al'adun ɗan Adam, ganin yadda take kashe wutar husuma tsakanin jama'a.

Inda abin yake ɓaci yanzu shi ne a rubuce. Rabin gugar zana a murya take, da kallo, da sanin juna. A Facebook ko WhatsApp duk waɗannan sun faɗi, sai kalmomi tsirara. Mutum ya rubuta "ka kyauta" da gatse, wani ya ɗauka yabo ne. Ya yi shaguɓe da mutum ɗaya, mutum goma su tsargu, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Don haka kafin ka aika, duba ko mai karantawa ya san ka sanin da zai jiyo muryarka a cikin rubutun. In bai san ka haka ba, faɗa masa abin da kake nufi ɓaro-ɓaro.