Takardar da Likita Ke Miƙo wa Dangi a Ɗakin Gobe-da-Nisa

A ƙofar sashen kulawa ta musamman na manyan asibitocinmu, daga na Malam Aminu Kano zuwa na Shika a Zariya, ba a rasa dangi zaune kan tabarma da fulas ɗin shayi, kowa da abin da ya jiyo. Maganar da ta fi yawo ita ce wai duk wanda aka jona wa na'urar numfashi sai dai gawarsa, kuma takardar da ake ba 'yan uwa su sa wa hannu ta sallama rai ce.

Galibi ba na'urar ke kashe majinyaci ba. Wanda ake jona wa ita dama ciwo ya ci ƙarfin numfashinsa: mai ciwon huhu mai tsanani, mai jijjigar haihuwa, wanda ya bugu a ka a hatsarin mota. Shi ya sa ake yawan rasa su, amma da dama suna tashi su koma gida. Barcin da ake ganin majinyaci yana yi ma sau da yawa magani ne aka ba shi don ya jure bututun da ke maƙogwaronsa.

Ita kuwa takardar, izini ne na wani aiki takamaimai, kamar ƙarin jini, wankin ƙoda ko huda maƙogwaro. Ba ta wanke likitan da ya yi sakaci. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya wajabta a bayyana wa majinyaci halin da yake ciki, hanyoyin magani, haɗarinsu da kuɗinsu, da harshen da yake ji in da hali. Don haka wanda ya ce, "Likita, a yi mana bayani da Hausa kafin mu sa hannu," bai yi rashin kunya ba.

Sai batun wa ke da ta-cewa. Mun saba babban wa ko kawu ne ke yanke magana. Muddin majinyaci baligi ne kuma yana cikin hayyacinsa, shi ke da wuƙa da nama, namiji ne ko mace. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haƙƙinsa na ƙin magani a shari'ar Okonkwo ta 2001. Idan ya fita hayyacinsa ne ake juyowa ga dangi, kuma abin da ake nema a bakinsu shi ne abin da shi kansa zai zaɓa. A nan nake ganin muna kuskure. Matar da ta yi wata shida tana jinyarsa, wadda ta ji shi yana cewa ba ya son a sake yi masa tiyata, tana waje, kawun da ya iso jiya daga ƙauye ne a gaban likita.

Masu cewa cire na'ura kisan kai ne a kowane hali sun zarce. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta cirewa idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya ba dawowa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Rabiɗa a Makka ta halatta hakan a 1987, sai dai ta ce ba a hukunta mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya. Wannan bai shafi mai doguwar suma ba, balle a cire don dangi sun gaji.

Ƙorafin kuɗi kam gaskiya ne. Kwana a wannan ɗaki yana da tsada, kuma yawancin iyalai daga aljihunsu suke biya, har a sayar da gona. Sashe na 20 na waccan doka ya hana a ƙi ba mutum taimakon gaggawa, amma bai mayar da jinyar makonni kyauta ba. Gara dangi su wakilta mutum ɗaya tun ranar farko, ya tambayi likita kiyasin kuɗin kowace rana da alamun da za su nuna ana samun sauƙi, ya kuma leƙa ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin kafin bashi ya taru.