Ɓerayen da Aka Cire wa Birki

A shekarar 1995, masana a Toronto ta ƙasar Kanada ƙarƙashin Tak Mak, da wasu a Jami'ar Harvard ta Amurka ƙarƙashin Arlene Sharpe, sun samar da ɓeraye da aka kashe musu ƙwayar gado guda ɗaya tak, mai suna CTLA-4. An haifi ɓerayen lafiya lau. Amma cikin mako uku zuwa huɗu duk suka mutu. Da aka buɗe cikinsu sai aka ga saifa ta kumbura, kaluluwa ta cika, fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T sun mamaye zuciya suna cin namanta. Ba wata cuta daga waje ta kashe su ba, garkuwar jikinsu ce ta juyo kansu.

Dabarar kashe ƙwayar gado a jikin ɓera ta fito ne daga aikin Martin Evans da Mario Capecchi da Oliver Smithies, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2007. Ana gyara ƙwayoyin ɗan tayin ɓera a ɗakin gwaji, a lalata ƙwayar gadon da ake son sanin aikinta, a dasa su cikin wani ɗan tayi, sannan a haɗa 'ya'yan da aka samu har a fitar da zuri'ar da ba ta da ita kwata-kwata. Abin da ya lalace a jikin zuri'ar shi ke nuna aikin abin da aka cire.

A nan ɓerayen suka raba gardama. Kafin lokacin, wasu masana na ganin CTLA-4 zuga ƙwayoyin T take yi. Sai ga shi ashe birki ce.

A Jami'ar Kyoto ta Japan kuwa, Tasuku Honjo da ɗalibansa sun gano wata ƙwayar mai suna PD-1 a 1992, ba tare da sun san amfaninta ba. Ɓerayen da aka cire wa ita ba su mutu da wuri ba. Sai da suka fara manyanta cutar ta bayyana. A wani jinsi ciwon gaɓoɓi da na ƙoda ne, kamar yadda aka ruwaito a 1999. A wani jinsin kuma, a 2001, zuciya ce ta buɗe ta kasa harba jini. Wato ita ma birki ce, sai dai riƙonta bai kai na CTLA-4 ba.

Ina ruwan wannan da ciwon daji? Ƙwayoyin daji sukan fake da birkin nan, su sa garkuwar jiki ta ƙyale su. A 1996 James Allison, a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya yi wa ɓeraye masu ƙari allurar da ke toshe CTLA-4 na ɗan lokaci, ƙarin ya narke. Daga nan aka samu maganin ipilimumab, wanda Amurka ta amince da shi a 2011 don sankarar fata. Nivolumab da pembrolizumab masu toshe PD-1 suka biyo baya a 2014. Allison da Honjo suka raba kyautar Nobel ta 2018.

Illar magungunan ma ɓerayen sun riga sun nuna ta. Wasu majinyatan kan yi fama da kumburin hanji, huhu, hanta ko fata, kuma hakan ya fi tsanani ga masu karɓar maganin da ke toshe CTLA-4. Likita kan dakatar da allurar, ya ba da maganin da ke lafar da garkuwar jiki. Haka kuma ba kowane majinyaci ne maganin ke yi wa aiki ba. Abin da masana ke nema yanzu shi ne yadda za a saki birkin a kan ƙari kaɗai, a bar shi riƙe a sauran jiki.