Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Haɗarin Yoyon Mai a Filayen Kasuwanci na Arlit da Akokan

Mutumin Arlit ba sai an yi masa dogon bayani a kan gurɓatar ƙasa ba. Tun da kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da yuraniyom a 1971, COMINAK ya bi sahu a Akokan a 1978, garuruwan nan biyu suke zaman maƙwabtaka da ƙurar ma'adinai. Ƙungiyar Aghir In'Man ta nan gida da ɗakin binciken CRIIRAD na Faransa sun daɗe suna awo suna ƙorafi. Da masu binciken Greenpeace suka zo a ƙarshen 2009, huɗu daga cikin samfurin ruwa biyar da suka ɗiba a yankin sun haura iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. COMINAK kuma da ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, ya bar tsibin ragowar ma'adinai na kimanin tan miliyan 20. Wannan nauyi yana wuyan kamfani da gwamnati, kuma bai kamata a gaji da tuna musu ba.

Sai dai akwai wata guba da ke shiga ƙasar garin kullum ba tare da ta biyo ta ƙofar kamfani ba, wato fetur da gazuwal da baƙin mai da ke tsiyaya a gidajen mai, garejoji, tashoshin mota da shagunan ajiya. Ita wannan a hannunmu take. Tana da wari, ana gane ta ko babu na'ura, kuma in an farga da wuri kuɗi kaɗan ke tsayar da ita.

Garin da mai ke riƙe da shi

Kusan duk abin da ake ci ko ake sawa a Arlit, mota ce ta kawo shi. Manyan motoci na tasowa daga Tawa da Agadas, wasu su zarce Assamaka a kan iyakar Aljeriya. Tun 2014 da aka gano zinariya a Tchibarakaten, motocin masu haƙa suka ƙaru, kowace da tano-tano na mai a bayanta. Ga injinan wuta, ga injinan ban ruwa a lambuna. Man da kamfanin SONIDEP ke rarrabawa daga matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, yana shiga tankunan gidajen mai. Wanda ke ƙetarowa daga arewa kuma yana ƙarewa a jarkoki da kwalaben ƴan ruwa-ruwa. A kowane juyi, daga tanka zuwa tano, daga tano zuwa jarka, daga jarka zuwa kwalba, sai wani abu ya zuba ƙasa.

Wanda ke zuba a fili ido na ganinsa. Mafi muni shi ne na ƙarƙashin ƙasa. Tankin ƙarfe da aka binne yana tsatsa, mahaɗar bututu tana kwancewa, nauyin manyan motoci yana tsaga layin da ke kai mai zuwa famfo. A yi lissafi: ɗigo ɗaya kowace daƙiƙa ya haura lita 4 a rana, ya haura lita 1,500 a shekara. Mai gidan mai zai ga gibi a littafinsa, ya ɗora wa zafin rana ko ya zargi yaran famfo da sata, alhali dukiyarsa ce ke nutsewa ƙarƙashin ƙafarsa. Ko a Amurka, inda aka tsaurara dokar tankunan ƙarƙashin ƙasa tun 1988, hukumar kare muhallinsu ta tabbatar da yoyo fiye da 500,000.

Ina man yake zuwa?

Da yawa suna cewa ai rairayi ya shanye, rana ta busar. Rana na busar da na sama ne kawai. Sauran yana gangarawa ta cikin yashi da tsagogin dutse, in ya iske ruwa ya kwanta a kansa, domin mai ba ya nutsewa a ruwa. Daga nan sinadaransa ke narkewa a hankali suna bin ruwan duk inda ya nufa.

A nan ne lamarin Arlit ya bambanta da na Maradi ko Kano. Ruwan da garin ke sha, na shimfiɗar dutsen Tarat da makamantanta, ya taru ne dubban shekaru da suka wuce, zamanin da Sahara ke samun damina. Ɗan yayyafin da ake yi yanzu ba ya mayar da gurbin abin da aka zuƙe, balle ya wanke abin da ya ɓaci. Zurfin ruwan yana ba da ɗan jinkiri, amma mai na samun gajeriyar hanya: tsohuwar rijiya da aka watsar, rijiyar burtsatse da ba a toshe wuyanta da siminti ba, ramin masai, ko ramin da bakanike ya haƙa yana juye baƙin mai. Har bututun roba na ruwan famfo, in ya ratsa ƙasar da ta jiƙe da fetur, sinadarin na iya ratsa jikinsa ya shiga ruwan ko bai fashe ba.

A cikin fetur akwai benzin, sinadarin da masana suka tabbatar yana haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha kashi ɗaya cikin ɗari na miligiram a kowace lita. Idan benzin ɗin da ke cikin fetur kashi 1 cikin 100 ne, na lita guda kaɗai ya isa ya kai ruwa lita fiye da 800,000 bakin wannan iyaka. A ƙasar Ogoni ta kudancin Najeriya, rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya gano rijiyoyi a Nisisioken Ogale da benzin ɗinsu ya ninka iyakar sau 900, mutane kuma suna sha, da tataccen mai na kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Sannan ga dalma. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe a duniya da ta daina sayar da fetur mai dalma, sai a 2021. Duk filin da aka daɗe ana juye irin wannan man, dalmarsa na nan cikin ƙasa, domin ba ta ruɓewa, ba ta tashi. Baƙin man inji shi ma ɗauke yake da ƙarafa masu guba. Yara masu wasa da ƙasa suna kai hannu baki su ne ke fara kwasa, dalma kuwa ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa.

Tururin fetur kuma ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka ƙasa-ƙasa yake bi ya taru a rami, kwata da ɗakin da ba taga. Kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki in ya zama tururin fetur, tartsatsi ɗaya ya isa. Ba mu manta da daren 5 zuwa 6 ga Mayu 2019 ba, lokacin da tankar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, jama'a suka fito da bokitai, wuta ta tashi ta hallaka mutum fiye da 55. A Majiya ta jihar Jigawa, cikin Oktoba 2024, irin haka ta ci rayuka sama da 150. Allah ya jiƙansu, ya kiyaye gaba.

Alamomin da ba a wasa da su

- Warin fetur a masai, kwata, rijiya ko cikin shago, musamman da asuba.
- Ruwa mai ɗanɗanon kananzir, ko mai ƙyalƙyalin mai a samansa.
- Ƙasa ta yi baƙi ko toka-toka, itatuwa da shuka suna bushewa ba dalili.
- Ciwon kai, jiri da tashin zuciya ga masu wuni a wurin, su ji sauƙi in sun bar shi.
- Gibin da ke maimaituwa tsakanin awon tanki da abin da famfo ya sayar, ko ruwa a gindin tanki.

Ga Alhaji mai gidan mai, gwajin farko ba ya cin ko dala. A zura sandar awo da dare bayan an rufe, a sake zurawa da safe kafin a buɗe, a rubuta. In man na raguwa alhali famfo a kulle, ƙasa ce ke sha.

In an gano yoyo

Da farko a kashe duk abin da ke iya tayar da wuta: sigari, murhun mai shayi, injin mota, injin wuta, walda. Kada a taɓa makunnin lantarki a ɗakin da wari ya cika, a buɗe ƙofofi a fita. A nisanta jama'a, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Kada kowa ya ɗebi man da ya malala, komai tsadarsa.

A tsayar da yoyon daga tushe, a kwashe man tankin da ake zargi zuwa wani. Wanda ya zuba a fili a tare shi da yashi, a kwashe yashin a zuba a tano mai murfi. Kora shi da ruwa zuwa kwata ƙara yaɗa ɓarna ne.

A sanar da ofishin magajin gari da ma'aikatar muhalli, a kuma gaya wa maƙwabta, musamman masu rijiya da masu lambu. Ruwan da ya ɗauki wari a daina sha, a daina girki da shi, a daina ba dabbobi. Tacewa da ƙyalle, alif ko ruwan jabel ba sa cire benzin, tafasawa kuma turo shi take cikin iskar da mai girki ke shaƙa. Rashin wari ma ba shaidar tsarki ba ne, sai ɗakin gwaji ya auna. Yaron da ya haɗiyi fetur ko kananzir kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, a garzaya da shi asibiti, domin in man ya faɗa huhu ya fi illa. Wannan ne ma ya sa zuƙo mai da baki ta tiyo ganganci ne.

Gyaran ƙasar da ta ɓaci

Zuba sabon yashi ko shafe wuri da siminti ɓoye ciwo ne kawai. Gyara na gaskiya yana farawa da awo: masana su haƙa ƙananan ramuka kewaye da tanki, su ɗebi ƙasa daga zurfi daban-daban, a san faɗin ɓarnar da zurfinta. Sai a tone gurɓatacciyar ƙasar a kai ta wurin da hukuma ta amince, nesa da gidaje da rijiyoyi. A can ake baza ta a kan shimfiɗar leda mai kauri, a gauraya da taki, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa, ƙwayoyin halittar cikin ƙasa su cinye man a hankali. A busasshen wuri irin namu ba sa aiki sai da laima, kuma gazuwal da baƙin mai sun fi fetur daɗewa. Dalma kam wannan dabara ba ta taɓa ta. In mai ya riga ya kai ga ruwa, aikin na shekaru ne, kuɗinsa kuma na iya fin kuɗin filin.

Ƙasar da aka tone ba ta cikon gida ba ce, ba ta bulo ba, ba ta lambu ba. Akokan ta ga irin wannan: duwatsun da aka fitar daga ramin ma'adinai aka yi cikon tituna da su, har Greenpeace ta auna tururin nukiliya da ya ninka na al'ada kusan sau 500 a wani wurin, aka kuma iske gurɓatattun ƙarafa a kasuwar Arlit. Haka nan tanon da ya taɓa ɗaukar mai ba ya komawa na ruwan sha, komai wankinsa. Tsohon tanki ma kada mai walda ya sa masa wuta sai ƙwararru sun fitar da tururinsa, domin wanda ba komai cikinsa ya fi cikakke saurin fashewa.

Mai saye da mai haya

Tun rufewar COMINAK mutane da dama sun bar gari, filaye da shaguna na sauya hannu. Sayen tsohon gidan mai, gareji ko wurin ajiyar mai ba tare da bincike ba cinikin biri a sama ne. A tambayi dattawan unguwa abin da aka taɓa yi a wurin. A duba ko akwai bakin tanki ko bututun shaƙar iska da aka bari. A nemi a auna ƙasa kafin a biya, a kuma rubuta cikin takardar ciniki, a gaban shaidu, wanda zai ɗauki nauyin gyara in an gano ɓarna. Mai bayar da haya shi ma ya sa sharaɗi a rubuce. Mai sayarwa kuwa ya tuna cewa ɓoye aibin kaya haramun ne a Musulunci, kuma algus ne ko a al'adar kasuwa.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Tun 1966 Nijar ke da doka mai lamba 66-033 kan wuraren sana'a masu haɗari, wadda ajiyar mai ke ƙarƙashinta. Dokar muhalli mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998 ta kafa ƙa'idar cewa wanda ya gurɓata shi zai biya, hukumar BNEE kuma ita ke duba tasirin ayyuka ga muhalli. Maƙwabcin da ya kai ƙara haƙƙinsa ya nema.

Abin da ake buƙata daga kowa bai fi ƙarfinsa ba. Mai gidan mai ya riƙe littafin awo kullum, ya sa a gwada tankunansa, in zai sake sabo ya sa mai bango biyu. Bakanike ya yi daɓen siminti inda yake juyen mai, ya tara baƙin mai a tano. Ɗan ruwa-ruwa ya ɗora jarkokinsa a kan faranti ko daɓe, a inuwa, nesa da ɗakin kwana da murhu. Masu unguwa da limamai da shugabannin tasha su san inda tankuna suke a yankinsu da rijiyoyin da ke kusa da su. Muna da bakin neman kamfanonin ma'adinai su gyara abin da suka ɓata, kuma bakin zai fi kaifi in ruwan da muke karewa daga gare su ba mu ne ke zuba masa mai da hannunmu ba.