WUƘAR BAYAJIDDA: KOWA DA INDA YAKE KAFA KYAMARARSA

Da wuya a samu wanda ya tashi a ƙasar Hausa bai ji labarin Bayajidda ba. Baƙo ya iso Daura da dare, ya nemi ruwa, aka ce masa ba a ɗiba sai ran Juma'a saboda macijiyar da ke rijiyar Kusugu. Gogan naka ya je ya fille mata kai, ya auri Sarauniya Daurama. Amma tambayi matashi ɗan kallo inda aka ƙera wuƙar da aka yi wannan aiki da ita, sai ka ga ya yi tsuru-tsuru. To, a Gaya ne, garin nan da ke gaba da Wudil. Labarin ya ce a nan Bayajidda ya yada zango, maƙeran garin suka ƙera masa ita.

A nan ne ake gane mai fasaha. In Badaure zai ba da labarin, rijiya da fada ne kan gaba, Gaya kuwa zango ce kawai. In Bagaye ne, ai maƙeri ne jarumin, don ba don shi ba da baƙon ya je rijiya hannu rabbana. Mutanen Gaya ma suna da ƙari: akwai ruwayar da ta ce wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya neman tama, ya zauna a gindin Dala, birnin ya ci sunansa, kuma Abagayawa zuriyarsa ce. Darakta uku za su iya ɗaukar wannan labari, ɗaya ya yi fim ɗin soyayya, ɗaya na yaƙi, ɗaya na sana'a, kuma babu wanda ya yi ƙarya.

Wannan ba sabon abu ba ne a harkar. Dubi "Shaihu Umar". Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi a matsayin littafi, inda malami ke zaune yana ba ɗalibansa tarihin rayuwarsa. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan daɓe, aka buga a 1975. A 1976 Adamu Halilu ya mai da shi fim, inda kyamara ta nuna wa mutane hamada da ayari da bayi ido da ido. Labari ɗaya, kama uku.

Sai dai fassara na da iyaka, kuma 'yan kallo ne alƙalai. A 2021 darakta Izu Ojukwu ya saki "Amina" a Netflix. An kashe kuɗi, hoto ya fita tangaran, amma Hausawa da dama suka yi ca a kansa: ina Hausar, kuma wannan shigar ta wace Zazzau ce? Darasin a fili yake. Mai fasaha na da damar zaɓen inda zai kafa kyamara, amma masu labarin suna nan da ransu, kuma suna gani.

Sai kuma babbar magana: ta yaya aikin zai kai ga jama'a? Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da "Turmin Danya" a 1990, hanyar ta yi ta sauyawa. A zamanin kaset, furodusa kan kai fim ɗinsa kasuwar Ƙofar Wambai ko Bata, 'yan sari su saya su gangara da shi garuruwa irin su Gaya da Ajingi. Wanda ba shi da bidiyo ya biya kuɗi a gidan kallo, janareto na ruri a waje, matan aure kuwa su aika yara hayar kaset. Irin wannan kasuwa ce ta ɗaga marigayi Rabilu Musa Ibro, ɗan Ɗanlasan, wanda ya rasu a 2014. Yayin da wasu ke rawa da waƙa a lambu, shi ya ɗauki rayuwar talaka ya mai da ita camama, mutanen karkara suka ce wannan namu ne.

Daga baya sidi ya kori kaset, 'yan dawunlodin kuma suka kori sidi, ana tura fim a waya kan 'yan kuɗi kaɗan, furodusa na kuka. Tashar Arewa24 ta zo a 2014, sannan masu dogon zango irin su "Izzar So" suka mamaye YouTube daga 2020. Yau matashi a Ajingi zai iya kallon fim ranar da na Legas ya kalla, in dai akwai data da caji. Shi kuwa fim ɗin "Shaihu Umar", sai da aka gyara shi aka nuna a bikin finafinai na Balin a Jamus a 2018, alhali da yawa daga matasanmu ba su taɓa ganinsa ba.

Don haka, furodusan da ke kukan ƙarancin labari, ga Gaya nan ba nisa. Ya je ya zauna da dattawa da maƙera, ya ji ta bakinsu kafin ya kira marubuci. In ya gama kuma, ya tabbatar fim ɗin ya koma can an gani, don su ne za su fara gaya masa ko ya yi daidai.