Alhaji Aminu Ɗantata: Ƙanen Da Ya Zama Uban Gida

A ranar Asabar 28 ga watan Yuni, 2025 ne labari ya iso birnin Kano cewa Allah ya yi wa Alhaji Aminu Alhassan Ɗantata rasuwa a Abu Dhabi ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, yana da shekara 94 a duniya. Jaridu sun yi ta lissafa kamfanoninsa da yawan dukiyarsa, amma a unguwar Ƙoƙi, inda zuriyar take da tushe, abin da aka rasa shi ne babban gida wanda ya riƙe zumunci fiye da shekara sittin.

An haifi marigayin a Kano cikin shekarar 1931. Mahaifinsa, Alhaji Alhassan Ɗantata, mutumin Bebeji ne daga cikin Agalawa, wanda ya fara da fataucin goro zuwa Gwanja, sa'an nan ya shiga cinikin gyaɗa bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano, har ya zama attajirin da ba a san kamarsa ba a Afirka ta Yamma a zamaninsa. Aminu ya yi makarantar firamare ta Dala, kuma a 1948 ya shiga kamfanin gidansu a matsayin mai sayen amfanin gona, watau ya fara daga bakin ma'auni kamar sauran yaran gida.

Masana tarihin Kano sun ruwaito cewa da Alhaji Alhassan ya ji ajali ya matso a 1955, ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya da su zauna tsintsiya maɗaurinki ɗaya, kada su bari kamfanin ya wargaje, kuma su riƙa duba matalautan dangi. Irin wannan wasiyya ba sabuwa ba ce a ƙasar Hausa. Abin da ke da wuya shi ne a sami mai cika ta, domin gidajen attajirai nawa ne suka watse tun kafin a yi addu'ar arba'in? Wansa Alhaji Ahmadu ne ya fara riƙe ragamar kamfanin, amma shi ma ya rasu a 1960. Daga nan nauyin ya faɗo kan Aminu, alhali bai cika shekara talatin ba.

Ya faɗaɗa harkokin gidan zuwa gine-gine da sufuri, daga baya har da man fetur. Ya kuma riƙe muƙamin kwamishina a gwamnatin Jihar Kano ta Audu Bako daga 1968 zuwa 1973, yana kuma cikin waɗanda suka tsaya har aka kafa bankin Jaiz, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa.

Bayan rasuwar wansa Alhaji Sanusi Ɗantata a 1997, sai ya zama shi ne dattijon da 'ya'yan 'yan'uwa da jikoki ke komawa gare shi. A nan akwai wani ɗan kuskure da ya kamata a gyara. Wasu jaridu sukan kira shi kawun Alhaji Aliko Ɗangote, alhali kuwa mahaifiyar Aliko 'yar Alhaji Sanusi ce. Ashe ke nan Alhaji Aminu baffanta ne, kuma a lissafin Bahaushe ƙanen kaka shi ma kaka ne, yana da duk haƙƙin da kaka ke da shi na tsawatarwa da na sa albarka.

Alherinsa bai tsaya cikin dangi ba. Ya gina cibiyar wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya sa mata sunan mahaifinsa maimakon nasa. Wanda ya san yadda ciwon ƙoda ke cinye dukiyar iyali, mai haƙuri na bukatar wanki sau biyu ko uku kowane mako, shi zai fi gane girman wannan aiki. Ya tallafa wa makarantu da masallatai da dama, har ya zama uban Jami'ar Al-Qalam ta Katsina. A watan Satumba na 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, ya ba da gudunmawar Naira biliyan ɗaya da rabi domin waɗanda ambaliyar ta raba da gidajensu, a sa'ad da yake da shekara 93.

Marigayin ya bar wasiyyar a binne shi a Madina, kuma hukumomin Saudiyya suka amince. Saboda haka jama'ar Kano ba su sami damar raka gawarsa ba, sai suka yi masa salatul ga'ib a birnin. Ran Talata 1 ga watan Yuli, 2025, aka yi masa salla a Masallacin Annabi (SAW), aka binne shi a maƙabartar Baƙi'a, a gaban 'ya'yansa da jikokinsa da tawagar gwamnatin Nijeriya. Allah ya ji ƙansa, ya gafarta masa.