Tsofaffin Kofunan Jamus Masu Hoton Hawariyawa

Jama'ar Kwadaso da sauran zangunan Kumasi, wannan wata za mu yi magana kan wani irin tsohon kaya da kan kwana cikin adakar kaka ba a san darajarsa ba, wato kofuna da tulunan yumɓu na ƙasar Jamus.

Waɗanda suka fi suna a cikinsu su ne na Creussen, wani ƙaramin gari kusa da Bayreuth a jihar Bavaria. A ƙarni na 17 maginan garin, musamman zuriyar Vest, sun ƙware wajen gina kofin giya gajere mai faɗin ciki. Sukan gasa yumɓun da wuta mai tsananin zafi har ya yi tauri kamar dutse, su watsa gishiri cikin wutar don jikinsa ya yi sheƙi, launin ƙasa-ƙasa. Bayan haka sai a shafa fenti shuɗi, ja, fari da rawaya, a sake gasawa, a ɗora masa murfin kuza. Abin da ya fito da su shi ne hotunan hawariyawan Annabi Isa (AS) su 12, a jere kewaye da cikin kofin, kowanne riƙe da alamarsa, kamar Bitrus da mabuɗi. Wasu kuwa hoton farauta ko na taurari ne a jikinsu.

To, ina ruwan Gwalkwas da kofin Jamus? A 1683 mutanen Brandenburg suka gina ganuwar Gross Friedrichsburg a Princes Town, ga kuma 'yan Holan a Elmina suna sauke kayan yumɓun yankin kogin Rhine. Masu binciken tarihi da suka haƙa tsohon garin Elmina, wanda Ingilishi suka rusa a 1873, sun tono fasassun irin waɗannan kaya, har da na Westerwald, masu launin toka da zanen shuɗi. Kayan Turai kuwa sun daɗe suna shigowa har nan cikin ƙasa. Butar tagulla da aka ƙera a Ingila zamanin Sarki Richard na Biyu, a fadar Asantehene Prempeh na Ɗaya sojojin Ingila suka same ta a 1896, suka tafi da ita London.

Mun sani sarai Musulmi ba zai so kofin giya mai hoton mutane a ɗakinsa ba, kuma ba mu ce kowa ya sha ruwa da shi ba. Amma fa ƙyamar hoto ita ce ke sa a fasa abu, ko a miƙa wa mai yawon sayen tsofaffin kaya a kan kuɗin cefane. A ganinmu wannan hasara ce. Mu duba Nsawkaw mana: tasoshin tagulla masu rubutun Larabci, aikin Masar na zamanin Mamluk, mutanen da ba su karanta rubutun ba ne suka adana su ɗaruruwan shekaru.

Sai dai a yi hattara, domin a ƙarni na 19 an yi ta kwaikwayon kofunan Creussen, har jabun ya cika kasuwa. Wanda ya samu irinsa kada ya goge shi da toka ko soson ƙarfe, kada kuma ya cire murfin. Ya kai wa ma'aikatan Hukumar Gidajen Tarihi ta Ghana su duba. Dokar 1969 ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasar nan sai da takardar izininsu.